Haɗa gine-ginen makaranta da rediyon da ba ya buƙatar lasisi: wanne ya dace da Sakkwato?

Wayar intanet ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100. Wannan ne ya sa duk makarantar da gine-ginenta suka warwatsu take shiga tunanin yadda za ta kai intanet daga ofishin kwamfuta zuwa laburare, da ɗakin jarrabawa, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda ya san faɗin harabar Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Dundaye ya san abin da nake nufi, kuma ko makarantun da ba su kai ta girma ba suna fama da wannan. Fayiba, wato wayar gilashi mai kai intanet da haske, ta fi komai, in akwai kuɗin tona rami, kuma in masu haƙan tushen gini ba za su datse ta ba. In babu, sai a koma ga rediyo biyu masu kallon juna, wato na'urorin da ke aika intanet ta iska, ɗaya bisa wannan gini, ɗaya bisa wancan.

Rashin lasisi ba rashin doka ba ne. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke da iko da zangon sadarwa a Nijeriya, wato kason mitar da siginar rediyo ke bi, wanda ake aunawa da GHz, kuma ba duka zangon 5 GHz ne a buɗe ba: ɓangaren 5.8 kowa na iya amfani da shi, na 5.4 kuwa sai da lasisi. Na'urar ma sai wadda hukumar ta amince da samfurinta. Sannan ka sani, in maƙwabci ya kafa nasa rediyon ya hau tasharka, ba ka da wurin kai ƙara, domin kai ma ba ka biya kowa ba.

Zangon 2.4 GHz a bar shi. Tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, kuma kowace wayar ɗalibi da ke raba data tana ciki.

Zangon 60 GHz na da daɗi a gajeriyar tazara. Wireless Wire Dish na MikroTik, misali, yana ba da gudun gigabit, wato megabit 1,000, har wajen mita 1,500, kuma da wuya wani ya dame ka, saboda iskar da muke shaƙa kanta tana shanye siginar da kusan dB 15 (ma'aunin raguwar ƙarfin sigina) a kowace kilomita. Amma siginar siririya ce ƙwarai. Iskar farkon damina irin tamu, wadda ke kwashe rufin kwano, in ta ɗan karkata sandar, shi ke nan an rabu. Ruwa mai ƙarfi ma yana yanke ta. Wanda ya nace, ya ɗauki irin Cube 60Pro da ke komawa 5 GHz da kansa in babban layin ya faɗi, kuma ya nemi matsayin NCC kan zangon a rubuce kafin ya biya.

Ni dai nawa zaɓin PowerBeam 5AC Gen2 ne na Ubiquiti, a kan 5.8 GHz, kuma ba na ɓoyewa. Farantinsa na da ƙarfin tattara sigina na dBi 25, wanda ya isa haɗa gine-ginen da ke tsakanin mita ɗari biyar zuwa kilomita biyar ba tare da wahala ba, kuma yana tattara siginar wuri guda, ba ya kwaso hayaniyar gefe. Ramin wayarsa, inda ake soka wayar intanet, na gigabit ne. Wutar da yake ci ba ta kai wat 10 ba, don haka ƙaramin batir da faifan sola ɗaya za su riƙe shi ko an kwana babu wuta. Takardar kamfanin ta ce yana jure zafi har digiri 70, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga na'urar da za ta wuni bisa kwanon rufi a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa ana wuce digiri 40. Yana da airView, manhajar da ke nuna maka tashoshin da suka cika da waɗanda ke sarari kafin ka zaɓa. Kuma da an kunna shi yana buɗe wani ƙaramin Wi-Fi na ɗan lokaci, mai saiti ya daidaita shi da wayar hannu yana bisa rufi, ba sai ya hau tsani da kwamfuta ba.

Abin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne sanin hannu. Yaran da ke aikin intanet sun saba da shi, in ya lalace ranar da ake shirin jarrabawa ba za a rasa mai canza shi ba. Sai dai megabit 450 da ke jikin kwali kada ta ruɗe ka. Jimillar shiga da fita ce, a tasha mai faɗin MHz 80, inda babu mai damunka. A tasha ta MHz 40, wadda ita ce ta hankali, ka sa rai da wajen rabin haka. Ga gini mai ofisoshi da ɗakin kwamfuta ɗaya, ya wadatar.

LiteBeam ƙanensa ne, ya fi araha, amma marikinsa bai kwanta mini a gaban iska ba. Force 300 na Cambium kaya ne mai kyau, sai tsada da jiran oda in an buƙaci madadi. CPE510 na TP-Link kuwa ramin wayarsa megabit 100 ne, na gida ne da shago.

Kafin sayen kowanne, a hau rufin a duba. Hango ɗaya ginin da ido bai isa ba, domin sigina na buƙatar sarari kewaye da layin da ke tsakanin rediyon biyu. A tazarar kilomita 2 kan 5.8 GHz, a tsakiyar hanya ana son aƙalla mita 3 tsakanin layin da kan bishiya ko rufi. Harabar makarantunmu kuwa cike take da dogon yaro, kuma kowace shekara ƙara tsawo yake yi. A ƙara tsawon sanda tun yau, a ɗaure ta da wayoyin ja ta ɓangare uku.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne zan fi daɗewa. Mafi yawan layukan da na ga sun mutu, ba rediyon ne ya gaza ba, waya ce. Kasuwa ta cika da kwalaye masu rubutun Cat6, wato ajin wayar intanet mai inganci, waɗanda cikinsu alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Wani ɗan kwangila ya taɓa kawo mana irinta a wani aiki, da kuɗin ta gaske. Da safe komai lafiya. Da rana ta take, sai rediyon ya riƙa mutuwa yana tashi, domin wutarsa ta volt 24 ta cikin wayar nan take bi, alminiyom kuma yana cinye ta a hanya, zafi na ƙara tsananta abin. Gwajin ba wuya: a fere silin waya ɗaya, a kankare shi da reza. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, jabu ce. In an kara masa laita, na alminiyom nan da nan zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya tsaya. A yi wannan a gaban mai kaya, daga kwalin da za a ɗauka, ba daga guntun da ya miƙo ba. Kuma wayar ta zama ta waje, baƙa, mai rigar ƙarfe a ciki. Ta cikin ɗaki in rana ta dake ta, fatarta tsagewa take yi, ruwan damina ya bi ta ciki har cikin na'ura.

Sai tsofaffin rediyo da aka sauko da su daga wani ƙarfen sadarwa, aka goge, aka mayar cikin kwali a matsayin sabbi. Duba robar ko ta fara yin rawaya, duba kusoshi ko akwai tsatsa, leƙa ramin waya ko akwai jar ƙura. Lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar, da ke jikin kwali, da ta jikin na'ura, da wadda za ka gani in ka shiga shafin saitinta, dole ukun su zo ɗaya. Mai kayan da ya hana ka kunnawa a shagonsa, ka bar masa abinsa. Akwai kuma masu cire adaftar wuta ta asali su sa wata. Adafta mai volt 48 in ta shiga rediyo mai 24, ƙonewa zai yi nan take, a ce kai ka ƙona.

Abin kariya daga tsawa ma ana rubuta shi a takardar kuɗi a ƙi sawa. Biyu ake so a kowace waya, ɗaya kusa da rediyo, ɗaya inda wayar za ta shiga gini, kuma a haɗa su da ƙarfen da aka binne har ya kai danshi, domin busasshen yashinmu ba ya karɓar wuta yadda ya kamata. Ba don damina kaɗai ba: busasshiyar iskar hunturu mai ƙura tana tara lantarki a jikin na'ura, ya kashe ramin waya ba tare da an ji ko tsawa ɗaya ba.

Kada a biya cikon kuɗi sai an gwada layin da tsakar rana, da manhajar auna gudun layi irin iperf3, daga kwamfuta a wannan gini zuwa kwamfuta a wancan. Ƙarfin sigina ya tsaya tsakanin -50 da -60 dBm. In ya fi haka ƙarfi a gajeriyar tazara, wato lambar ta fi -50 matsowa kusa da sifili, a rage wutar rediyon. Sannan ɗan kwangila ya miƙa kalmar sirri da kwafin saitin rediyon biyu ga shugaban sashen kwamfuta, a canza kalmar a gabansa kafin a sa hannu a takardar kammala aiki.