Sharhi a kan matallafin babban yatsa, bayan wata 8 ina kaɗa garaya da shi

Na shekara 26 ina kaɗa garaya a bukukuwan aure da na suna a birnin Katsina da garuruwan kewaye, kuma a bara ne na fara tunanin rataye ta, saboda guntun ƙirgin da nake kaɗa tsirkiya da shi ya riƙa suɓuce mini a tsakiyar kiɗa ba tare da na ji fitarsa ba. Abin da ya dawo da ni fagen shi ne wani matallafi na roba da aka ƙera daidai da babban yatsana na dama a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a nan cikin gari. Yau wata 8 ke nan ina aiki da shi, don haka na ga ya dace in faɗi abin da ya yi mini da abin da ya gaza.

Ciwon da nake fama da shi sunansa Charcot-Marie-Tooth, ana taƙaita shi da CMT, kuma sunayen likitoci uku ne da suka bayyana shi a 1886, biyu daga Faransa, ɗaya daga Ingila. Gadonsa ake yi, kuma an ƙiyasta cewa yana samun kusan mutum 1 cikin 2,500. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa ƙafafu da hannuwa yake lalatawa a hankali, kuma a nau'in da ya fi yawa rigar jijiyar ce take lalacewa, kamar yadda robar wayar lantarki take zagwanyewa, sai saƙo ya riƙa isa a makare. Yakan fara daga ƙafa kafin ya hau hannu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da ƙafa mai zurfin tafi, yana tafiya yana ɗaga gwiwa sama don kada yatsunsa su ja ƙasa, kuma har ya rasu ana cewa sanyi ne. Ni kuwa da nawa ya bayyana, da yake garaya nake kaɗawa, mutane da yawa sun ce iska ce ta taɓa ni, wasu suka ce sammu ne na abokan sana'a. Wannan magana ta ci mini shekaru da kuɗi, har sai da aka yi mini gwajin saurin jijiya a Kano aka gano gaskiyar lamarin.

Ga makaɗi, ɓarnar tana wuri guda ne. Naman da ke gindin babban yatsa da wanda ke tsakaninsa da manuni ya zube, wurin ya zama rami, yatsan ya koma ya kwanta a gefen tafin hannu maimakon ya fuskanci sauran, saboda haka matse abu siriri tsakanin yatsu biyu ya zama aiki. Matallafin yana riƙe babban yatsa ne a inda zai sadu da manuni, ya bar wuyan hannu a sake, wanda shi ne ainihin abin da kiɗan garaya yake buƙata.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Ana yanko falle na wata roba, a tsoma a ruwan zafi mai kimanin digiri 65 har ta yi laushi, a bari ta ɗan huce, sannan a naɗa ta a hannu ta daskare cikin 'yan mintuna, a sa mata maɗauri mai mannewa irin na takalman yara. Na farko da aka yi mini bai yi amfani ba, domin an auna shi ina riƙe da biro, kuma riƙon biro daban yake da riƙon ƙirgi. Da na koma na yi bayani, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, gobe ku zo da garayar, a hannunku za mu gasa shi kuna kaɗawa." Haka kuwa aka yi. Na zauna a benci na rungume garaya, ta mayar da robar cikin ruwan zafi har sau 3 tana gyara kusurwar yatsan, sai da sautin ya fita yadda kunnena ya saba. A ganina duk darajar wannan aiki tana cikin wannan zama, kuma duk makaɗin da za a yi wa irinsa, na goge ne ko na molo ko na kalangu, kada ya yarda a auna shi hannu wofi.

Daga baya na kai wa wani baduku ya ɗinka ƙaramin aljihu na fata a jikin robar, inda nake cusa ƙirgin, ta yadda ko yatsa ya saki ba zai faɗi ba. Kafin matallafin ba na wuce minti 10 sai na tsaya; yanzu ina yin kusan minti 40 a zama ɗaya, kuma a Sallar Gani da ta wuce na yi kwana biyu ina kiɗa a Daura. Kuɗin da na biya bai kai abin da nake samu a biki guda ba.

Amma yana da aibu, kuma na farkonsu zafi ne. Robar da ruwan zafi ya tanƙwara, rana ma tana iya tanƙwara ta, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40, na bar shi a gaban mota a Ƙofar Ƙaura na awa biyu, na dawo na tarar ya karkace, sai da aka sake gasa shi. Gumi yana taruwa a ƙarƙashinsa, maɗaurin kuma ƙura ta kashe shi cikin wata 3. Abin da ya fi damuna shi ne, tun da ciwon yana rage ji a fata, gefen robar ya goge mini gindin yatsa har ya yi ƙuje ban sani ba, sai da uwargida ta ga jini. Ba a ja mini kunne a kan wannan ba ranar da aka ba ni shi, alhali ya kamata a ce shi ne farkon abin da za a faɗa wa mai irin lalurata. Yanzu ina sa safar auduga a ciki, kuma ina cire shi in duba fatar bayan kowane zama.

Sanyi ma bai san da matallafi ba. A hunturu yatsun suna sandarewa, dole in tsoma su a ruwan ɗumi kafin in fara, bayan wani ya taɓa ruwan ya tabbatar ba zai ƙona ni ba.

Hannun hagu kuwa, wanda yake danne tsirkiya a jikin gora, wannan abu bai taɓa matsalarsa ba ko kaɗan. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa, na sassauta tsirkiyoyin biyu don su yi sauƙin dannawa, na kuma bar wasu sassan kiɗa masu gudu ga yaron da nake koya wa. Ciwon ba shi da magani har yanzu, kuma matallafin ba ya tsayar da shi. Robar da ta zauna mini cif a farko ta fara yin sako-sako saboda naman ya ƙara zubewa. An ba ni ranar komawa kafin shigowar sanyi domin a sake gasa ta, kuma ma'aikaciyar ta ce za ta gwada wani ƙaramin zobe na roba a yatsun hagun, in zo da garayar kamar wancan karo.