Tsakanin **, np.power, np.float_power da np.emath.power: wanne ya dace da jeri mai lambobi ƙasa da sifili?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta (-8)  ** (1/3) a Python zalla ta ba ka amsa mai j, wato lambar kwamfuleks mai ɓangaren gaske da ɓangaren zato, amma da ka zuba -8.0 cikin jerin NumPy (kayan lissafi na Python da ake taƙaitawa np) ka maimaita lissafin, sai ga NaN (ma'ana "ba lamba ba ce") da gargaɗin RuntimeWarning. Kana tambayar wacce hanya za ka riƙe cikin huɗun nan.

Biyun farko kusan abu ɗaya ne, domin a kan jeri alamar  ** (taurari biyu) np.power take kira. Dukansu nau'in jerin suke dubawa, ba ruwansu da lambobin da ke ciki. Float64 ya shiga, float64 zai fita. Da yake amsar da dokar pawa ke bayarwa ga -8 tana da ɓangaren zato, kuma float64 ba shi da wurin ajiye shi, sai a miƙo maka NaN. Ita Python 3 tana sauya nau'i da kanta saboda lamba ɗaya take riƙe da ita, shi ya sa ka ga bambanci.

Sunan np.float_power yana ruɗar mutane, amma ba maganin ciwonka ba ce. Aikinta ɗaga cikakkun lambobi da float32 zuwa float64. Misali np.power(2, -1) kuskuren ValueError take jefowa, ita kuwa float_power ta ba ka 0.5. A kan -8.0 NaN ɗin dai za ka sake gani.

Gasar tana tsakanin np.emath.power da sauya nau'in da hannunka. Ita emath.power takan leƙa cikin jerin, in ta ga ko lamba ɗaya ƙasa da sifili sai ta mayar da shi duka kwamfuleks. Ga mai gwaji cikin gaggawa da daɗi. A shirin da za a daɗe ana mora kuwa ba na sonta, domin bayanan da suka shigo ne ke yanke nau'in sakamako, ba kai ba. Yau ka samu float64, gobe wata lamba ta sauka ƙasa da sifili ka samu complex128. Ko np.emath.power([-2, 4], 2), wadda kowa ya san amsarta 4 da 16 ce, kwamfuleks take dawowa. Ga cin ma'adana: baiti 16 kowace lamba maimakon 8. Mafi muni, in ka zuba sakamakon cikin jerin float da ka tanada, NumPy zai yar da ɓangaren zaton, ComplexWarning kawai zai yi maka, shirin ya ci gaba da tafiya.

Don haka ni x.astype(complex)  ** p nake rubutawa, ko np.power(x, p, dtype=complex). Nau'in sakamako ba ya sauyawa, kuma duk wanda ya karanta layin ya san da gangan aka yi.

Sai dai kowacce ka bi, kada ka sa ran ganin -2. Amsar da za ta fito 1+1.732j ce. Dalili shi ne -8 tana da saiwoyi uku, NumPy kuma wadda ake kira babbar ƙima (principal value) kaɗai yake ɗauka: nisan lambar daga sifili 8 ne, kusurwarta digiri 180. Saiwar 8 ta uku 2 ce, an raba kusurwa uku ya zama digiri 60, daga nan 1 da 1.732 suka fito. Idan -2 aikinka yake buƙata, ka bar duk waɗannan ka ɗauki np.cbrt, wadda ke karɓar lambobi ƙasa da sifili amma ba ta karɓar kwamfuleks. In kuma ukun kake so gaba ɗaya, np.roots([1, 0, 0, 8]) za ta jero maka su.

Akwai wani tarko da yake kama har ƙwararru. Sifili a kwamfuta yana da alama. Saiwar complex(-4, 0.0) ta biyu 2j ce, ta complex(-4, -0.0) kuwa -2j. Kiran np.conj kaɗai ya isa ya juya maka alamar sifilin, amsa ta tsallaka ɗaya gefen. Idan lambobinka suna yawo kusa da layin lambobin gaske da ke ƙasa da sifili, ka riƙa duba np.angle kafin ka ɗaga pawa.

Ka kuma shirya ganin ɓurɓushi. np.power(-1.0, 1.5, dtype=complex) tana barin wajen -1.8e-16 a inda ya kamata sifili ya zauna, saboda haka kada ka gwada sakamako da ==, np.allclose za ka yi amfani da ita.