Kwana biyu a masaukin samarin ƙauye a Rumsiki

Ni haifaffen Marwa ne amma sai da na haura shekara 30 kafin na taka Rumsiki, ƙauyen duwatsun nan na arewacin Kamaru, abin kunya wallahi, wurin da a da nasara ke tasowa tun daga Faransa su zo gani. Ƙanen matata ne ya matsa min, yana koyarwa a Mokolo, kullum yaya ka zo na kai ka wurin wasu samari masu saukar baƙi. To dai mun je.

Marwa zuwa Mokolo kwalta ce ba laifi, amma daga nan kilomita wajen 55 ɗin da suka rage, kan moto, wato babur, muka yi su, ƙugu na har yau yana tuna min. Ka riƙe katin ɗan ƙasarka a kusa don jandarma za su tambaya, Rumsiki bai wuce kilomita 3 da iyakar Najeriya ba.

Masaukin ɗakuna ne zagayayyu da jinkar ciyawa irin ginin Kapsiki, ƙabilar wurin, katifa, gidan sauro, ƴar sola ta cajin waya, shi ke nan. Tsaf yake. Ruwan wanka bokiti ɗaya ne, na so na yi ƙorafi sai da safe na hango matan da ke hawowa da jarka a ka daga can ƙasan kwari, sai na haɗiye maganata. Da dare tuwon dawa miyar yakuwa da gyaɗa ga zabo, kuma tun ban tambaya ba mai girkin ta ce Malam ka ci hankali kwance, musulmi muka kira ya yanka. Wannan ya burge ni sosai.

Amma abin da ya biya kuɗina shi ne ɗan rakiyar, su gid suke cewa. Yaro ne yana jin Kapsiki da Fillanci da Faransanci, Hausarsa kuma a wurin danginsa na tsallake wajen Michika ya koya, can Higi ake ce wa Kapsiki ai. Bayan asuba muka fita, sanyi kamar me, ya kai mu bakin kwari daidai fitowar rana, ga duwatsun nan tsaye cak ɗaiɗai kamar an kafa taɓare a tsakar fili, ya ce ragowar aman wuta ne na zamanin da, ƙololuwar babban ta kai mita 1,224 sama da teku. Ya nuna mana yadda ake jera duwatsu hawa hawa a gangare don kar ruwan sama ya kwashe ƙasar gona, ni da nake ganin na san noma sai na yi shiru. Daga nan wurin masaƙa, sai mata masu ginin tukwane, sai masu zubin tagulla, kuma ko ina ka sayi abu mai shi kake miƙa wa kuɗin hannu da hannu, babu wani dillali a tsakani yana yankar rabi.

Akwai kuma tsohon nan mai duba da ƙaguwa da aka san garin da shi. Tukunya ce da yashi da ruwa, ya kakkafa tsinkaye da guntayen ƙwarya, ya saka ƙaguwar ya rufe, in ya buɗe sai ya karanta yadda ta watsa su. Ni dai kallo na yi ban tambayi komai ba, gaibu sai Allah.

Da muka zauna shan shayi yaron ya ce min da wannan aikin babansa ya biya musu kuɗin makaranta, a da lokacin sanyi ko hutawa ba sa yi. Tun watan Fabrairun 2013 da Boko Haram suka sace iyalin Faransawan nan su 7 kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun dajin Waza, nasara suka ɗauke ƙafa, yanzu sai su yi makonni ba baƙo, abokansa da yawa sun tafi Garwa da Yawunde tuƙin moto. Mu kuma na gida da muke nan kusa ba ma zuwa, in an samu hutu sai zaman majalisa.

Inda suka gaza, farashi ba a rubuce yake ba, sai ka yi ciniki kan ɗaki, ka yi kan rakiya, ka yi kan hoto, ya kamata su liƙa takarda a ƙofa kowa ya huta. Yara kuma su biyo ka kado kado, wato a ba su kyauta, har ka gaji. Bayin ma yana son gyara.

In za ka je ka fara tambayar halin tsaro a Mokolo, kar ka yi tafiyar dare, ka ɗau bargo. Bayan damina ya fi, kafin hazo ya yi kauri ya rufe duwatsun. Na sayo wa uwargida zanen saƙi, ta juya shi ta juya ta ce nawa, na rage rabin kuɗin na faɗa mata, duk da haka ta ce an cuce ni.