Comería, comía da comeré: ina bambancinsu yake?

Ɗan'uwa da ya tambaya me ya raba comería da comía a Sifaniyanci, kuma ina comeré ya shigo a ciki, toh bari mu jera su kusa da juna.

Duka ukun daga comer suka fito, wato ci. Comería shi ne condicional, wato "da na ci", kuma abin da nake so ka riƙe shi ne galibi ba a yanke wa fi'ilin komai, yadda ka gan shi a ƙamus haka za ka ɗauko shi har da r ɗinsa ka liƙa masa ƙarshe: comería, comerías, comería, comeríamos, comeríais, comerían. Ƙarshen nan iri ɗaya ne ko fi'ilin -ar ne ko -er ko -ir, hablar ya ba ka hablaría, vivir ya ba ka viviría, shi kenan. Wallahi a nahawun Sifaniyanci da wuya ka samu abu mai sauƙin wannan, sai dai kar ka manta ɗigon da ke kan í, a nan ake danna murya.

Comía kuwa, nan ne mutane ke ruɗewa, don ƙarshensa daidai yake da na comería, amma shi sai an cire -er tukuna: comía, comías, comíamos. Ma'anarsa ta baya ce, nakan ci a da, ko ina cikin ci lokacin da wani abu ya faru. Er ɗin tsakiyar nan kaɗai ya raba "nakan ci" da "da na ci". A fi'ilan -ar babu wannan rikici tunda hablaba ake cewa.

Comeré zan ci ne kawai, shi ma a kan cikakken fi'ili ake gina shi, comerás, comerá, comeremos. Asalinsu ɗaya da comería, fi'ili ne aka haɗa da haber, fi'ilin taimako da he da había suka fito daga gare shi, comer da he ya zama comeré, comer da ƙarshen había ya zama comería. Shi ya sa duk fi'ilin da ya karkace a ɗaya ya karkace a ɗayan: tener ya ba ka tendré da tendría, hacer ya ba ka haré da haría, decir ya ba ka diré da diría.

Wajen aiki da shi mu Hausawa mun samu sauƙi, don muna da "da... da...". Da ina da kuɗi da na sayi mota, si tuviera dinero, compraría un coche. Lura compraría a rabi na biyu yake, bayan si kuwa tuviera ake sawa. Za ka ji masu cewa si tendría a arewacin Sifaniya wajen Navarra da yankin Basque, amma in jarrabawa ce malami zai soke maka shi.

Haka in kana ba da labarin abin da wani ya ce zai yi: dice que comerá, yana cewa zai ci, amma in jiya ya faɗa sai ka ce dijo que comería. Sannan ladabi, wanda a ganina shi za ka fi buƙata kullum, quiero un café ba laifi ba ne amma me gustaría un café ya fi taushi, kuma in babba za ka roƙa ka ce ¿podría ayudarme?

Comeríais na vosotros ne, wato "ku", a Sifaniya ake amfani da shi, in da 'yan Meziko ko Kolombiya kake hira ustedes comerían za ka ji.