Sharhina kan iccen filambuwayan bayan shekara shida

Jama'a tunda ana ta tambayata iccen nan mai jan hure da ke ƙofar gidana a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, bari in faɗi abin da na gani. Filambuwayan ake ce mishi, asalinshi daga Madagaska ne. Na saye shi daminar 2019 wurin wani mai raino dashe a bakin hanya, dala ɗari na kuɗɗin sefa cikin leda, tsawonshi bai kai gwiwata ba. Mutumin ya ce min "Alhaji wanga ko ba ruwa sai ya rayu."

To gaskiya ya faɗa amma ba duka ba. Rani biyu na farko sai da na riƙa zuba mishi bido guda duk bayan kwana uku, ga kuɗɗin ɗan garuwa, ga awakin maƙwabta da suka cinye mishi kai har sau biyu kafin in kewaye shi da tubali. Daga shekara ta uku kam na daina ba shi ruwa kwata-kwata, ɗan ruwan daminarmu na wata uku zuwa huɗu shi yake isarshi.

Hure sai a shekara ta biyar ya fara, har na fidda rai. Amma wlh ranar da ya buɗe, cikin zafin nan na Afrilu da Mayu da ko'ina ya yi fari fat da ƙura, sai ka ga iccen ya yi ja wur kamar an cinna mishi wuta, har masu kabu-kabu na tsayawa ɗaukar hoto.

Inda na ji haushi shi ne saiwa. Ba ta nutsewa ƙasa, sama-sama take bi tana yaɗuwa, ni kuma da rashin sani na dasa shi taku biyu daga katanga, mai dashen bai ce min uffan ba. Yanzu simintin dakalina ya tsage biyu, katanga ma ta fara nuna alama, magini ya zo ya duba ya ce ko in sare ko in haƙura da gyara duk shekara. Sannan in hunturu ya shigo yana zubar da ganye ya tsaya tsirara, ganyen kuma ƙanana ne kamar na tsamiya, uwargida ta gaji da shara, ga dogayen kwanso da yara ke faɗan takobi da su. Inuwa dai ta gaskiya sai bedi (dogon yaro), kar wanda ya ruɗe ku.

Duk da haka ban sare ba kuma ba zan sare ba. Na jiƙa 'ya'yanshi cikin ruwan zafi kwana guda don su yi saurin tsira, huɗu sun fito, zan kai su gona hanyar Jiratawa inda babu katangar kowa.