Abincin suna: a ɗora tukunya a gida ko a ba mai kwangila?

Hajiya, barka da warhaka, Allah ya sauki ɗiyarmu lafiya. Na ga tambayarki: ɗiyarki ta zo gida goyon ciki, ana sa ran haihuwa cikin watan Afrilu, gidanki yana unguwar Zariya a nan Maraɗi, kin ƙiyasta mutum 150, kina son a gaya miki wanne ya fi tsakanin tara ƴan'uwa a yi girkin suna a gida da ba masu dafa abincin buki kwangila su kawo a robobi. Wasu sun ce miki gida ya fi araha, wasu sun ce kwangila ta fi kwanciyar hankali, kuma kowa da gaskiyarsa. Ni dai inda zan fara shi ne wannan 150 da kika rubuta, domin a kansa maganar take tsaye.

A Maraɗi ba a raba katin suna. Wanda ya ji an haihu ya san ranar da za ta zagayo, zai zo. Mutum 150 ɗin nan su ne waɗanda kika iya tunawa da sunayensu. Ba ki sa yaran da kowace mace za ta riƙo ba, da ƙawar ƙawa da aka ce ta zo ta yi rakiya, da almajiran da za su tsaya a zaure tun hantsi. Sannan ga aike: langar dangin angon ƙarni, ta liman, ta tsofaffin da ƙafa ta hana su fita, ta maƙwabta na dama da na hagu. Wannan abincin ba a cinsa a gidanki, amma daga tukunyarki yake fita, kuma shi ne mutane ba sa mantawa in bai je ba. Don haka a lissafina 150 ɗinki 220 ne, ko fiye.

A nan hanyoyin biyu suka fara rabuwa. Tukunyar gida tana miƙewa. In mai rabo ta ga mutane sun fi yadda aka zata, sai ta rage hannu kaɗan, a ƙara ruwan miya, a ɗora taliya ko wata tiyar shinkafa a wutar da ke ci, kafin a idar da la'asar ta nuna, babu wanda zai san an yi. Roba kuwa ƙidaya ce. In kin sayi 150, mace ta 151 za ta zauna tana kallon ta kusa da ita tana ci, ke kuma kina zagaye kina neman wadda za ki ce wa su haɗa hannu. Ga wani abu da roba ke jawowa: mace ba ta cika buɗe ta a wurin ba, sai ta sa a jaka don yara, ta kuma miƙa hannu a tire in akwai. A babban faranti mutum biyar ko shida suna ci su ƙoshi da abin da bai kai roba huɗu ba.

Batun kuɗi, kada ki yarda da lissafin baki. Ɗauki takarda. Ta ɓangaren kwangila abin a fili yake: misali in an ce miki jika guda (wato sefa dubu) kowace roba, 220 jika 220 ke nan, sai kuɗin adaidaitar da za ta kawo, shi ke nan. Ta ɓangaren gida kuwa mutane shinkafa da nama da mai kawai suke ƙirgawa, su ce ai rabin kuɗin ne. Yadda nake aunawa, kilo guda na ɗanyar shinkafa yana ciyar da manya bakwai zuwa takwas in da miya da nama, wato buhu mai kilo 25 yana kai mutum 175 zuwa 200, kuma dafa-dukarsa tana shan mai kamar lita huɗu zuwa biyar. To amma ki ci gaba da rubutu: itace, hayar manyan tukwane da kuloli, ruwan ƴan garuwa in famfo ya yi rowa, sabulun wanke-wanke, ledoji, niƙan kayan miya, sannan abincin masu aikin kansu, domin mata goma ko goma sha biyar da za su kwana suna yankan albasa sai sun ci na dare, sun karya, kuma ba za su koma gida hannu rabbana ba. In kin haɗa duka, gida zai fi sauƙi har yanzu, sai dai tazarar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Afrilu tana da nata rangwame: lokacin ne albasar Galmi take cika kasuwa, ta yi araha. Tumatir ɗanye kuma ya fara ja baya daga yalwar da yake yi da sanyi, don haka ki haɗa da busasshe ko na gwangwani. Kayan da ba sa lalacewa ki saye su tun yanzu a babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, na lambu irin na Jiratawa da Sumarana a bar su sai jajibiri.

Kada ki sa ragon suna cikin lissafin tukunya, ko wace hanya kika bi. Ana yanka shi da safe bayan raɗin suna, kafin a feɗe a gyara rana ta ɗaga, kuma namansa yana da masu shi: ƙaurin mai jego, rabon ungozoma da wanzami, na dangin uwa da na uba, da sadaka. A mazhabar Malikiyya da muke bi rago ɗaya ya isa, namiji aka haifa ko mace. Naman girki ki yi magana da mahauci daban, a kawo shi jajibiri da yamma, a sulala a soya a daren.

Abin da ya fi damuna da Afrilu zafi ne. Ma'aunin zafi yana haura 40 da rana a garin nan, kuma dafaffiyar shinkafa ba ta da haƙuri. Akwai ƙwayoyin cuta da dahuwa ba ta kashe irinsu, in shinkafa ta huce ta zauna da ɗumi sai su farfaɗo su yi yawa, su bar dafin da ko an sake ɗumamawa ba ya tafiya. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje, in ana tsananin zafi ma awa guda. Yanzu ki duba yadda kwangila take tafiya: mai aikin da za ta cika roba 200 ta kawo da azahar, tun asuba ta sauke tukunyar farko. An zuba da zafi, an rufe, gumi ya taru a murfi yana ɗiga a kai, an jera a buhu, an ɗauko a adaidaita cikin rana. Matan suna kuwa sai bayan la'asar suke cika gida. In an ɗora salak ko kabeji mai mayonez a gefe, shi ne zai fara juyawa. Girkin gida ya fi ta nan nesa ba kusa ba, domin ana iya sauke shi kashi biyu, na rana da na yamma, daga wuta zuwa faranti. Mai kwangila ta ƙwarai ma tana iya yin haka in kin nema tun farko: ta kawo sau biyu, a manyan kuloli, a zuba a gidanki, ganye kuma a haɗa shi a lokacin ci.

Sai dai girkin gida yana da nasa nauyi, kuma a kanki zai sauka. Ki tuna gidan ba fanko ba ne. Akwai mai jego da ake dafa wa ruwan wanka safe da yamma, akwai kunun kanwa, akwai ƴan barka da ke shiga da fita tun ranar haihuwa, ga jariri ɗan kwana bakwai da hayaƙin murhu uku ba zai yi wa daɗi ba. In tsakar gidanki ƙarama ce, ko murhun zai zauna kusa da tagar ɗakin mai jego, to ki roƙi maƙwabciya a yi girkin a nata gidan, ko ki haƙura da shi.

Sannan su wa za su yi aikin? Da a Bagalam ko Mokoyo ko Ɗan Gulbi kike, da ban yi wannan tambaya ba. Tsofaffin unguwannin nan tare suka hauro tudu bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, da sunayensu da maƙwabtakarsu, shi ya sa har yau in an haihu a gida ɗaya, kafin a aika an ga mata sun shigo da wuƙaƙensu da turamensu. Zariya da Ali Ɗan Tsoho ba haka suke ba ko'ina: wani layin ma'aikata ne da ƴan haya, kowa da safe ya fita. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, gaskiya ne, amma sai in hannuwan za su zo. Ki zauna ki ƙirga matan da kika tabbata za su kwana a gidanki jajibiri, ba waɗanda za su ce in sha Allahu a waya ba. In ba su kai shida ba, kada ki ɗora buhu guda a wuta da sunan gayya.

Ko sun zo, akwai abin da ba a son faɗa: girkin gayya yana zurara. Wannan ta ɗebar wa yaranta, waccan ta aika wa mijinta, nama yana raguwa tun yana cikin mai, kuma duk ƴan'uwa ne, ba wadda za ki iya yi wa magana. Ba mugunta ba ce, rashin mai tsayawa ne. Maganinsa mutum biyu: wadda za ta riƙe makullin ɗakin kaya, da wadda za ta riƙe ludayin rabo, babbar mace da ake jin nauyinta, gwaggo ko yayarki, wadda in ta ce a dakata za a dakata. A ƙirga soyayyen nama a rufe, a fara cika langunan aike a fitar da su kafin a zuba wa kowa. Ke uwar mai jego kada ki riƙe ko ɗaya cikin biyun, wurinki yana wajen tarbar baƙi da karɓar buki.

Mai kwangila ta ɗauke miki duk wannan, kuma ba ƙaramin abu ba ne ki wayi gari ranar suna tsakar gida a share, babu toka babu tulin wanke-wanke. Nata haɗarin ɗaya ne amma babba: in ta makara ko ta gaza, ba ki da tukunya a wuta. Suna kuma ba kamar aure ba ne da ake sa rana wata biyu kafin lokaci, kwana shida kawai za ki ba ta. Saboda haka ki yi magana da ita tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je inda take girki ki gani da idonki, ruwan da take amfani da shi da inda take ajiye nama. Ki sayi roba ɗaya ranar da take yi wa wasu aiki, ki ɗanɗana, ki ga girman yankan naman, ki ce irinsa kike so. Ki tambaye ta ko tana karɓar buki biyu rana ɗaya. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, sauran sai an kawo an ƙirga a gabanki, kuma adadi da lokaci su kasance a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne.

Da ni ce ke, Hajiya, raba aikin zan yi. Babbar tukunya, wato shinkafa da miya, a gida, amma in ɗauko mai girkin buki in biya ta ladan hannunta, kayan nawa, ƴan'uwa su taya ta. Ita ta san awon gishiri da ruwa na kilo 25, abin da mai girkin gidan mutum goma ba lalle ta sani ba, kuma ita ba ta jin kunyar hana kowa. Abubuwan da ke cin lokaci da mai, fanke na safiyar maza, cincin, dubulan, soyayyar kaza in za a yi, in ba da su waje. Roba kuma in yi odar kamar 40 kawai, don abokan aikin angon ƙarni da baƙin da ba za su zauna ba. In kuwa gida ya yi ƙanƙanta ko mataimaka babu, to ki ba da kwangilar duka da zuciya ɗaya, sai dai ki ajiye tiya biyu ta shinkafa da wake ko dambun zogale a wuta saboda almajirai da waɗanda ba a ƙirga ba.

Abin sha ki tsaya a zoɓo da lemun tsamiya ko na citta, a haɗa da ruwan da kika yarda da shi. Na san jiharmu ce gidan aya, kuma kunun aya yana da farin jini, amma a zafin Afrilu awoyi kaɗan yake yi ya yi tsami in babu sanyi sosai, ga wuta ba ta da tabbas a wannan lokaci. Ƙanƙara ki kama ta tun kwana biyu kafin ranar wurin mutum biyu daban, a kawo da hantsi a naɗe a buhu. Ruwan sha ki ninka abin da kika zata. Rumfa da kujeru da tabarmi duk hanyar da kika bi sai kin yi hayarsu, a kafa tun jajibiri da dare, domin maza suna fara zuwa daga sallar asuba, kuma in rumfar za ta tare layi a sanar da maƙwabta da mai unguwa kafin a kafa ta.