Ƙaura da rumbun bayanai daga wannan gajimare zuwa wancan: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Gajimare a nan shi ne sabobin da kamfanoni ke ba da haya ta intanet. Kafin ka tambayi farashin kowane kayan aiki, ka amsa tambaya ɗaya: awa nawa za ka iya rufe ƙofa ba wanda ya rubuta komai a rumbun? Kantin magani a Sabon Gari ko makarantar kuɗi a Birni na iya rufewa daga isha'i zuwa asuba ba wanda ya sani. Mai harkar tura kuɗi kuwa, minti goma ma asara ce. Amsar nan ita za ta zaɓa maka ɗaya cikin hanyoyi uku.

Ta farko ita ce kwashe ka zuba. PostgreSQL da MySQL manhajojin rumbun bayanai ne: a PostgreSQL ana kwashewa da pg_dump a zuba da pg_restore, a MySQL kuma mysqldump. Kyauta ce, kuma rumbunan da ba su wuce gigabait 20 ko 50 ba, ita ta ishe su, in ana iya rufe ƙofa da dare. Sharaɗi ɗaya ne: kada bayanan su biyo ta kwamfutar biro ɗinka. Gigabait 50 a kan layi mai megabit 10 a daƙiƙa awa 11 ne saukewa kawai, sannan lodawa, in ma rezo bai yanke ba, wuta ba ta ɗauke ba. Ka yi hayar ƙaramar sabar ta kwana ɗaya a yankin da sabon rumbun yake, misali Faris, ka gudanar da umarnin a can cikin tmux, manhajar da ke riƙe aiki a kan sabar. A gigabit 1 nauyin nan bai fi minti 7 a hanya ba, kuma ko layinka ya faɗi aikin na ci gaba.

Saitin da ke da muhimmanci kaɗan ne. A pg_dump sa -Fd tare da -j 4 don a kwashe tebur huɗu lokaci guda. Wurin zubawa sa --no-owner da --no-acl, domin rumbun haya ba ya ba ka cikakken ikon mai gida, kuma pg_dump ba ya ɗauko asusun masu amfani, sai ka ƙirƙire su da kanka. A mysqldump, --single-transaction ke hana kulle teburan InnoDB (irin teburan da MySQL ya saba ginawa), kuma in ba ka rubuta --routines da --events ba, za a baro ayyukan da aka ajiye cikin rumbun da waɗanda aka tsara wa lokaci a tsohon gida ba tare da an ce maka uffan ba.

Ta biyu ita ce kwafi mai bin sawu, wanda ke cikin rumbun kansa: sabon yana bin tsohon layi-layi har ranar da za ka juya, don haka ita ce ta wanda ba zai iya rufe ƙofa na awoyi ba. Ba a biyan lasisi, ana biya da ƙwarewa. PostgreSQL na da shi tun siga ta 10, a 2017. Sai saitin wal_level ya koma logical. A Amazon RDS, wato rumbun haya na Amazon, ana sa rds.logical_replication ya zama 1, kuma sai an sake tayar da rumbun, don haka ka yi wannan mako guda kafin ƙaura. Teburin da ba shi da babban makulli (primary key, abin da ke bambanta kowane layi) zai ƙi gyara da gogewa da zarar an sa shi cikin kwafin, sai ka ba shi makulli ko REPLICA IDENTITY FULL. Canjin tsarin tebur ba ya bi. Ma'aunin jerin lambobi, mai ba kowane sabon layi lambarsa, shi ma ba ya bi, kuma nan ne tsugune ba ta ƙare ba: rasit na ƙarshe lamba 48,210 ne, sabon rumbun ya tashi daga 1, kashiya ta danna ajiye, allo ya ce lambar nan akwai ta. Maganinsa umarnin setval a kan kowane ma'auni kafin ka buɗe ƙofa. Haɗari mafi muni yana tsohon gida: in mai karɓa ya yanke, tsohon rumbun zai yi ta tara masa ajiya har faifai ya cika, aiki ya tsaya cik. Daga siga ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size don sa iyaka. A MySQL kuwa binlog_format ya zama ROW, binlog_row_image ya zama FULL, sannan a RDS ka ɗaga lokacin riƙe binlog, wato kundin canje-canjen rumbun, zuwa awa 24 aƙalla. Iyakarsa awa 168.

Ta uku ita ce hayar kayan kamfanonin gajimare. Na Google da na Microsoft gidansu kawai suke kai kaya. Na Google ba ya cajin ƙari in daga MySQL ko PostgreSQL ne zuwa irinsa a Cloud SQL, rumbun hayarsa, amma a PostgreSQL ya saba neman a girka ƙarin manhajar kwafi mai suna pglogical a tsohon rumbun, ka tabbatar mai masaukinka ya yarda. Na Amazon, wato AWS DMS, na son ɗaya daga ɓangarorin biyu ya kasance a AWS, gajimaren Amazon, kuma ana biyan injinsa awa-awa. Amfaninsa na gaske yana fitowa ne in kana sauya irin rumbu, kamar daga Oracle zuwa PostgreSQL. In iri ɗaya ne, kwalliya ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba, domin in ka bar shi ya gina tebura da kansa, ba ya kawo ƙarin fihirisa ko makullan da ke ɗaure tebur da tebur. Ka gina tsarin da pg_dump --schema-only, sannan a saitin DMS ka zaɓi DO_NOTHING ko TRUNCATE_BEFORE_LOAD don kada ya rushe teburan. Ka duba iyakar manyan bayanai: a kan kilobait 32 take zuwa, kuma abin da ya haura sai ta datse shi. Hoton katin ɗan ƙasa ko takardar likita da aka ajiye cikin tebur za ta iso guntuwa. Kunna tantancewar DMS, ko da za ta ƙara lokaci.

Kuɗin fitar da bayanai, da ake ta tsoratar da mutane da shi, ba shi ne babba ba ga ƙaramin rumbu. AWS na ba da gigabait 100 kyauta a wata, sauran kusan senti 9 na dalar Amurka kowane gigabait daga yankunan Turai. Gigabait 200 kenan wajen dalar Amurka 9. Shiga kyauta ce. A 2024 Google, AWS da Microsoft duk sun sanar da yafe kuɗin ga mai barin gidan, amma sai ka nema. Injin ƙaura da aka manta a kunne wata biyu ya fi cin kuɗi.

Kowace hanya ka ɗauka, abu biyu na gida ka duba. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, babu su a tsarin haruffa na latin1, alhali wasullan Faransanci masu alama suna ciki, shi ya sa ɓarnar kan ɓuya: sunan Ɗanladi ya koma alamar tambaya. A MySQL sa tsarin haruffa na utf8mb4 a rumbu da tebur da mahaɗi, ka gwada da sunaye na gaske. Sai agogo: rumbunan haya kan zo da agogon duniya na UTC, Nijar kuwa tana gaba da awa 1, sai cinikin ƙarfe 12 da rabi na dare ya faɗa lissafin jiya. Sa Africa/Niamey. In bayanan marasa lafiya ne ko na ɗalibai, ka tuntuɓi HAPDP, hukumar kare bayanan sirri na mutane a Yamai, kan ƙa'idar kai su wata ƙasa.

Daren juyawa kada ya faɗo jajibirin Alhamis, ranar kasuwar Damagaram. Tsayar da rubutu, jira tazarar kwafi ta sauka sifiri, ƙirga layukan manyan tebura a ɓangarorin biyu, haɗa jimillar kuɗin wata ɗaya ka kwatanta, sannan ka sauya adireshi a manhaja. Tsohon rumbun ka bar shi a kan karatu kawai har mako biyu, sai an rufe lissafin ƙarshen wata a sabon kafin ka goge shi.